Ofishina a motar Kawu: daga Maraɗi zuwa Bonkuku

Aikina lissafi ne. Wani ƙaramin kamfani a Abijan, mai shigo da injinan ban ruwa da kayan gyaransu, shi ke biyana a ƙarshen wata, kuma tun annobar korona ta 2020 ba wanda ya ƙara tambayata inda nake zaune. Abu biyu kawai suke nema daga gare ni: takardun shige da fice su daidaita kafin Juma'a, sannan fuskata ta bayyana a taron bidiyo na safiyar Litinin, ƙarfe goma agogon Abijan, sha ɗaya agogonmu. Saboda haka da kawuna, wanda ya tsufa a fataucin albasa da dankalin turawa, ya ce zai tafi Bonkuku a tsakiyar hunturu kuma yana son mai riƙe masa alƙalami, ban ga abin da zai hana ba. Na ɗauki kwamfuta, da layukan waya na kamfani biyu, da wata ƴar na'ura mai juya wutar batirin mota ta zama irin ta gida, na shige gaban tsohuwar Hilux ɗinsa.

Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne a kan babbar hanya mai lamba 1, kuma motocin Rimbo ko STM suna cinye ta cikin yini guda. Kawu ba ya tafiya haka. Yana da abokin ciniki a Gidan Rumji, yana da mai bashinsa a Madawa, a Galmi kuwa ba zai wuce ba sai ya sauka ya ɗaga albasa ya jinjina ta a hannu, ya ji yadda kakar bana za ta kasance. Tafiyar da ake yi a yini ta zame mana ta kwanaki, kuma wannan ne ya ba ni damar yin aiki, don cikin mota mai gudu ba a lissafi. Na gwada. Rana na dukan gilashin kwamfutar ba ka ganin komai, rami ɗaya ya sa ka rubuta sifiri uku inda ake son biyu, ƙurar hunturu kuma tana bin kowace kafa ta shige tsakanin maɓallai. Wanda ya ce maka yana aiki yana tafiya, nufinsa yana aiki inda ya tsaya.

Cikin kwana kaɗan idona ya koyi neman abu ɗaya a sararin sama: dogon ƙarfen eriya mai fentin ja da fari. In ya ɓullo daga nesa, wayar da ke aljihu sai ta farka ta shiga kuka, saƙonnin da suka taru su zubo lokaci guda. In gari ya wuce da ƴan kilomitoci, sai rezo ya fara ja da baya har ya ɓace. Layi biyu ba almubazzaranci ba ne a wannan hanya, domin inda ɗaya ya mutu sau da yawa ɗayan na numfashi. Direbobin manyan motoci sun fi kowa sanin taswirar nan da ba a rubuta ba. Wani da muka sha shayi tare a Tsarnawa, mararrabar Tawa, ya lissafa mini tuddan da waya ke kamawa daga nan har Doso, ɗaya bayan ɗaya, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

A intanet akwai hotunan Turawa da Amurkawa masu irin wannan rayuwa, sun mai da motar kaya ɗaki, an buɗe ƙofar baya tana kallon teku, kwamfuta a kan tebur, kofi a gefe. Har ƙasashe sun fara yi musu biza ta musamman, Estoniya da Barbados tun 2020, Fotugal a 2022. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne cewa wani ya riga ya shimfiɗa musu wuta da waya a duk inda za su yada zango. A nan kuwa wutar ma sai ka yi mata tanadi. Mutanen Nijar ba su manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin mafi yawan lantarkin ƙasar daga can yake zuwa. Sai a farkon 2024 aka ɗage wannan takunkumi. Amma watannin duhun sun bar gado: farantan hasken rana sun cika kasuwanni, kuma a Birnin Ƙonni, inda ƴan canji ke zaune da damman naira da sefa a bakin titi, na ga mai shayi da faranti a kan rumfarsa da batir a ƙarƙashin tebur. A wurinsa na rufe lissafin mako, ina biyan kuɗin caji da kofin shayi bayan kofin shayi, Kawu na can cikin gari yana rigimar wani tsohon bashi.

Dogon Dutsi da Doso sun wuce ban riƙe komai nasu ba sai sanyin asuba da kilishi. Bayan Doso hanya ta gangara cikin wani kwari mai faɗi a Birnin Gaure, giginya da goruba suka tashi ko'ina, Kawu ya nuna da haɓa ya ce wannan kwarin shi ne dai wanda za mu tarar a Bonkuku, can arewa. Dallol Boso ke nan, tsohon kogi da ya daina gudu tun zamanin da Sahara ke da ruwa, wanda ya taso daga Azawak ya gangaro har ya haɗu da kogin Kwara kusa da Bumba. A Kure na leƙa ko zan hangi raƙuman dawa, ban gani ba, kuma ba mai tsayawa nemansu yadda ake yi da, tun harin 9 ga Agustan 2020 da ya ci rayukan mutum 8 a wurin. Yamai ta ba ni dare ɗaya na intanet mai ƙarfi, na sauke duk takardun da zan buƙata, na aika duk abin da ke jiran aikawa.

Hanyar Filinge, mai lamba 25, tana fita daga Yamai ta arewa maso gabas. Ta bi ta Hamdallay ta hau wani fako mai jan tsakuwa da ƴan sabara, babu abin kallo, har kusan kilomita 100, sannan ta faɗa Baleyara. Mun dace da Lahadi, ranar kasuwa, kuma kasuwar dabbobin Baleyara tana cikin manya a yammacin Nijar. Raƙuma a gefe guda, jajayen shanu masu gajeren ƙaho a wani gefen, tumaki har ido ya gaji, ga tabarmi da akushi da tulin gero. Harsuna huɗu na ji a tsayuwa ɗaya: Zabarmanci ya fi yawa, sai Hausa, sai Fulatanci, sai Tamashek. Dillalai na cusa hannu cikin hannun rigar juna suna ciniki da yatsu, ɗaya hannun kuma riƙe da waya a kunne, ana faɗa wa wani mai kuɗi a Yamai ko Kwatano yadda sa yake.

Daga nan yanayin tafiyar ya sauya. Jihar Tilaberi ta daɗe cikin dokar ta-ɓaci, an fara da sassan kan iyakar Mali a 2017, daga baya ta iso Filinge da Baleyara, kuma a farkon 2020 aka hana hawa babur a yankin saboda da shi mahara ke yawo. Wanda ya san ƙauye ya san abin da hana babur ke nufi ga mai mara lafiya ko mai kai kaya kasuwa. Shingayen bincike sun ƙaru. A ɗaya wani jami'i ya buɗe jakata, ya ga kwamfuta da wayoyi da tarin igiyoyin caji, ya dube ni da kyau ya tambaye ni ko ɗan jarida ne. Na ce akanta ne. Ya ce akantan wa, a wannan daji? Kawu ya leƙo ta taga ya ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe, ɗan ƙanwata ne, ni ko karatun boko ban yi ba." Aka yi dariya aka miƙo mini jakar. Da muka wuce Kawu ya kafa mini doka: ba ɗaukar hoto a kan hanya, ba fito da kwamfuta a gaban wanda ban sani ba, kuma la'asar ta same mu cikin gari.

Bonkuku tana kimanin kilomita 140 daga Yamai, ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Imanan. Abzinawa ne suka kafa sarautar Imanan tun ƙarni na 19, suka zauna cikin kwarin tare da Zabarmawa da Hausawa har yau da yawansu Zabarmanci ne harshen gidansu, ko da yake rawani da sunayen dangi na nan. Garin kansa ba shi da girma: titi ɗaya, shaguna, masallaci, ofishin magajin gari, rumfunan kasuwa. Abin kallon yana bayan gidaje. Kwarin ya shimfiɗu tsakanin jajayen duwatsu masu kai a baje, farin rairayi ne a ƙasa, manyan gawo tsaye da ganyensu shar a lokacin da kowane icce ya kaɗe, kuma a ƙarƙashinsu, duk inda ka juya, garake ne kore. Kogin da ya mutu a sama yana nan a ƙasa. Taku kaɗan za a haƙa a tarar da ruwa, shi ya sa kowace garka ke da rijiyarta ko ɗan bututun da aka kafa da hannu.

Dankalin turawa shi ne sarkin garakan. An daɗe ana nomansa a nan, amma tsofaffi sun ce bayan farin 1984, yunwar da mu mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari, ne abin ya bunƙasa, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta tashi haiƙan kan noman rani. Kunce ɗan wannan yanki ne, garinsu Fandu yana ƙasar Tondikanja, kudu da nan, kuma can aka rufe shi a 1987. Ana shuka dankalin bayan an kai gero rumbu, da sanyi ya fara shigowa, ya yi kamar wata uku a ƙasa. Irin mai kyau daga Turai ake kawo shi, daga Faransa da Holan, da tsadarsa, kuma nan ne wuyan manomi ke shiga igiya: yakan ci bashin iri da taki da man inji tun kaka, ya biya ranar haƙa. Ranar haƙa kuwa ta kowa ce. Dankali ya fito lokaci guda, kasuwannin Yamai su cika, farashi ya faɗi, zafin Maris na tafe, ba wurin ajiya mai sanyi da zai wadatar. Mai saye ya san haka, mai sayarwa ya san ya sani. Kawuna mutumin kirki ne, amma ba sadaka ta kawo shi ba.

Na zauna a bakin wata garka da safe ana haƙa. Samari biyu na gaba da hauya suna buɗe kunya a hankali don kada su sare ƴaƴan, mata da yara na biye suna tsamo su daga rairayi suna jefawa a kwano. Dankalin na fitowa fes, rairayin ba ya manne masa, fatarsa siririya har yatsa na iya murje ta. Wata dattijuwa na zaune a inuwa tana ware shi kashi uku ba tare da ta duba ba, hannunta kawai ke auna girma: manya na Yamai, matsakaita na kasuwar gari, ƙanana da waɗanda hauya ta taɓa na tukunyar gida. Gefe guda injin ban ruwa na ta kaɗawa. Na matsa na duba lambar da ke jikinsa, sai na ga irin wanda nake rubutawa a tebur kowane mako ne, mai bakin inci biyu. Shekaru ina ƙirga shi ɗari-ɗari ban taɓa jin ƙararsa ba. Wannan an cire masa tankin fetur an jona shi da tukunyar gas ta girki, an ɗaure mahaɗar da robar tayar keke, don gas ya fi sauƙi ko bayan da gwamnati ta rage litar fetur zuwa sefa 499 a 2024. A takardunmu na Abijan ba layin da ke nuna haka, kuma da na ba da labari a taro sai mai kula da kayan gyara ya ce yanzu ya gane dalilin da wani ƙaramin ƙarfe na kan injin ke ƙarewa da wuri a wurin dillalanmu na Sahel.

Taron na Litinin a kan wani tudun rairayi na yi shi, bayan gidan mai masaukinmu, inda yaran gidan suka ce rezo ya fi tsayawa. Na aza kwamfutar a kan turmi da aka kifa, na kashe bidiyo don murya ta samu hanya, ina danne makirufo duk lokacin da jaki ya buɗe baki. Cajin kuwa a shagon wani saurayi na samu, mai faranti biyu a kan rufi da allon katako cike da soket, wayoyi sun fi talatin kwance kowace da ƴar takarda mai lamba. Waya dala ashirin ce. Kwamfuta ba ta cikin tsarinsa, sai da ya yi shawara da abokinsa kafin ya yanke mini kuɗin waya biyar. Ana ta maganar intanet na Starlink tun da aka ba shi izinin aiki a Nijar, kuma na ji an ce wasu ƴan kasuwa sun fara saye su sayar wa unguwa da awa, sai dai kuɗin na'urar ya fi ƙarfin mai garka ɗaya.

Mai masaukinmu dattijo ne, Bakurfaye ta wajen uwa, wato jinin Kurfai ta wajen Filinge, abokin cinikin Kawu tun suna da ƙarfinsu. Ya daɗe yana kallona ina magana da turmi, da na gama ya kira ni.

"Ɗana, wanga aiki naka, ina uban gidan yake?"

"Yana Abijan, Baba."

"Abijan? To ai ɗana na hwari can yake, Ajame. Ga garkarshi can, wadda kuka ga ana haƙa."

Ya sa aka kawo wayar ƙanen, aka kunna mini saƙonnin murya na WhatsApp. Mutumin na Ajame yana sayar da kayan sawa a bakin titi, amma garkar nan a tafin hannunsa take. Shi ya aiko kuɗin iri ta kamfanin aika kuɗi na Nita tun watan Oktoba. Shi ya ce a rage ruwa mako biyu kafin haƙa don dankalin ya yi ƙwari. Ya sa an ɗauko masa bidiyon ganyen da ya fara rawaya, ya kalla cikin hayaniyar Abijan ya ce ba ciwo ba ne, nuna ce. A saƙon ƙarshe, wanda ya iso da asuba, yana gargaɗin ƙanen kada ya sallama wa Alhajin Maraɗi, wato kawuna, sai ya ji farashin Yamai na ranar daga bakin wani ɗan garinsu da ke can. Kawu na zaune yana ji, ya yi murmushi ya ce yaron ya iya.

Dattijon ya ce, "Kai kana nan aikinka na Abijan, shi yana Abijan aikinshi na nan. Ku yi musanya mana kowa ya huta." Da aka gama dariya ya ƙara da cewa shi dai har gobe zuwa da kai ya fi aike, domin waya ba ta jan ruwa.

Na daɗe ina juya wannan magana. Mu masu kwamfuta muna ɗaukar aiki daga nesa sabon abu ne da korona ta kawo, har muna yi masa taruka. Mutanen wannan kwari sun fi shekara ɗari suna rayuwa a wuri biyu. Tun zamanin Turawa, da harajin Faransa da aikin tilas suka matsa, samarin Kurfai da Zabarma ke tafiya Kurmi bayan kaka, Kumasi da Akara, daga baya Abijan da Legas da Kwatano, su dawo da damina ko su aiko. Da wasiƙa ce a hannun direba da kuɗi ɗaure a ƙulli, sai kaset da ake naɗa a aiko, yanzu saƙon murya. Bambancinmu shi ne ni nisan zaɓi ne, kuma kuɗin data kawai yake ci mini. Shi kuwa yana biya da shekarun da ƴaƴansa ke girma ba ya nan, kuma umarninsa ba ya zama dankali sai ƙanensa ya duƙa. Ko ni ɗin, in aka bi diddigi, wani ne ke sauke kwalaye a tashar jirgin ruwan Abijan kafin in samu abin ƙirgawa.

Kafin a gama cika buhuna muka leƙa Filinge, kilomita arba'in da wani abu gaba. Nan ne babban garin Kurfai, kusan ƙarshen ƙasar Hausa ta yamma, kuma Hausarsu na da daɗin ji, "ya zaka" a maimakon ya zo, da "mi" da "wanga" irin na Sakkwatawa da Adarawa. Gidan sarautar Mayaƙi na nan, gidan da ya fitar da Adamu Mayaƙi, ministan harkokin wajen Nijar a shekarun 1960, da ɗansa Ibrahim Hasan Mayaƙi, firaminista daga 1997. A wajajen Shikal, kusa da nan, a 1925, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan wasu sababbin iskoki masu kwaikwayon sojoji da hafsoshin Faransa, waɗanda aka kira Babule ko Hauka. Mabiyanta suka ƙi biyayya ga sarkin da Turawa ke mara wa baya, kwamandan Yamai mai suna Crocicchia ya sa aka kama su aka kulle, sai ga shi shi kansa ya zama ɗaya daga cikin iskokin, Kwamanda Mugu. Ƴan ci-rani suka tafi da abin har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a Akara a 1954. Yau ba kowa ke son a tayar da zancen ba, malamai sun yi yawa, amma tsofaffi sun san shi sarai. Arewa kaɗan da garin akwai Tukunus, gidan gonar gwamnati da aka daɗe ana kiwon shanun Azawak saboda nononsu. Na so zuwa, Kawu ya duba rana ya ce a'a.

A tashar Filinge na buɗe taswirar waya, ta nuna mini cewa hanya mafi kusa zuwa gida ita ce mu miƙe ta Sanam mu ɓulla Tawa, mu sauko Tsarnawa, ba sai mun koma Yamai ba. Na nuna wa Kawu. Bai ko karɓi wayar ba, ya tafi wurin direbobin da ke zaune a kan benci ya gaishe su, ya tambayi wanda ya biyo ta can a makon nan. Suka dubi juna, ɗaya ya ce shi dai da iyalinsa, wani ya ce ana bi in an samu rakiya. Muka koma Bonkuku muka kwana, da hantsi aka ɗaure buhuna a babbar motar da Kawu ya yi haya, muka bi bayanta zuwa Yamai. Ya sayar da rabi a can, sauran muka yi doguwar hanya da shi zuwa Maraɗi, kuma da aka sauke an samu buhunan ƙasa sun fara gumi. Na rubuta su a layin asara, tare da ƙarin kuɗin mai da na kwanan direba a Doso.